Bula Ba Ta Hana Wanki: Zaɓen Launin Fitilar Mota

Duk wanda ya taɓa kai farar shadda wurin mai wanki da guga ya san abin da ake yi mata kafin a shanya. An cuɗa da sabulu, an ɗauraye, sai a kawo ruwa a bokiti a ɗiga masa bula kaɗan, a motsa, a tsoma rigar a tsamo ta nan take. Idan ta bushe aka goge, sai ka ga ta yi fari ƙal kamar yau aka yanko yadin. Amma bular ba ta ƙara wa rigar hasken komai ba. Farin yadi in ya kwana biyu yakan dafe, ya ɗauki rawaya-rawaya. Ita kuwa bula shuɗiya ce, aikinta shanye wannan rawayan, sai ido ya ɗauki abin da ya rage a matsayin fari. Ragi ta yi, ba ƙari ba. Shi ya sa gwanin wanki yake auna ta da bakin yatsa, don ya san in hannu ya zarce rigar za ta fito da dabbare-dabbaren shuɗi, mai ita ba zai iya shiga sahun Juma'a da ita ba.

Wannan lissafin shi ne na ƙwan fitilar mota, sai dai a nan kuskuren ba a riga yake tsayawa ba.

Je ka kasuwar kayan mota, Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka ce kana son ƙwan fitilar gaba. Za a jero maka kwalaye, kowanne da lambarsa ɓaro-ɓaro: 3000K, 4300K, 6000K, 8000K, har da 12000K. Yaron shago zai ɗaga ɗaya ya ce, "Alhaji, ɗauki mai dubu takwas ɗin nan, ya fi ƙarfi, dare zai koma maka rana." Sau da yawa ba yaudara ce ya yi niyya ba, shi ma haka ya ɗauka, tunda mun saba babbar lamba tana nufin babban abu. To wannan lambar ba ta ƙarfi ba ce, ta launi ce kawai. Harafin K ɗin daga sunan Lord Kelvin aka samo shi, malamin kimiyya a Jami'ar Glasgow da ya fito da wannan ma'aunin zafi a 1848. Duk abin da aka zafafa ƙwarai yakan fara yin ja, ya koma rawaya, ya yi fari, idan zafin ya ci gaba ya karkata zuwa shuɗi. Saboda haka sai aka riƙa kiran kowane launin haske da lambar zafin da ke haifar da irinsa. Harshen kyandir yana wajen 1900K. Ƙwan halojin da yawancin motocinmu suka zo da shi yana wajen 3200K, fari mai sirkin rawaya. Rana tsaka tana kusa da 5500K. Daga 6000K shuɗi yake fara leƙowa, a 8000K ya bayyana sosai, a 12000K har ya doshi ruwan hoda mai duhu.

Yawan hasken da ƙwai ke fitarwa da wani ma'auni daban ake auna shi, lumen. Ƙwan H4, mai zare biyu, wanda ke cin wat 60 da 55, yana ba da lumen 1,650 a babbar wuta, 1,000 a ƙarama. H7 mai wat 55 yana ba da 1,500. Waɗannan su ne ƙa'idar da aka ƙera kwanon fitilar a kanta. Mutum zai iya riƙe ƙwai biyu, ɗaya 4300K ɗaya 8000K, na farkon ya fi na biyun haske nesa ba kusa ba.

Inda bula ta fito fili ƙarara shi ne ƙwan halojin mai shuɗin gilashi. Ɗauki ɗaya ka ɗaga shi ga rana: zaren cikinsa irin na kullum ne, gilashin ne kawai aka shafa wa shuɗi. Zaren halojin rawaya da ja ya fi fitarwa, shuɗinsa kaɗan ne. Wannan shafen yana tare wani kaso na rawayan da jan, ya bar sauran ya wuce. Idan ka tsaya gaban mota da magariba za ka ga idonta ya yi fari tas, abin sha'awa. Shiga ka kama sitiyari, sai ka tarar hasken da ke sauka a kan kwalta ya ragu, domin an jefar da wani ɓangare na abin da ka biya kuɗi ka saya. Wasu masu ƙerawa sukan cike giɓin ta hanyar sa zaren ya yi zafi fiye da kima, sai ƙwan ya mutu da wuri. Wasu kuma sukan kai shi wat 100, wayar motar da soket ɗinta ba a yi su don wannan nauyin ba, sai ka ji ƙaurin roba.

Fitilar zenon ma haka take. Kamfanin BMW ne ya fara sa ta a motarsa ƙirar 7 Series a 1991, kuma wadda kamfanoni ke sakawa daga masana'anta tana tsakanin 4100K da 4300K ne, tana ba da lumen kusan 3,200 da wat 35 kacal. Ba rashin iya yin shuɗiya ne ya tsayar da su a nan ba. A wannan launin ne ƙwan ya fi ba da haske, kuma duk hawan da lambar ta yi zuwa 8000K da sama, hasken raguwa yake yi. LED kuwa asalinsa ma shuɗi ne, ana lulluɓe shi da wani sinadari mai rawaya don ya fito fari. Gwargwadon wannan lulluɓin ne ke sa ya zama 4300K ko 6500K.

Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne wanda ke tahowa daga ɗaya hannun. Idon ɗan Adam ba ya iya tattara shuɗin haske wuri ɗaya da kyau, shi ya sa shuɗin rubutun allon talla yake zama dishi-dishi daga nesa da dare. Fitila biyu masu ƙarfi ɗaya, mai shuɗi-shuɗin ta fi sukar ido. Ga dattijo kuwa abin ya ninka, don ido in ya manyanta yana ƙara warwatsa haske a cikinsa, kuma yana daɗewa kafin ya dawo daidai bayan an dalle shi. Ka tuna abin da ke kan hanyoyinmu da dare: tirelar da ta lalace an zuba ganye a bayanta maimakon alama, mai babur ba fitilar baya, garken shanu yana tsallakawa, yaro a keke da buhu, ramin da babu shi makon jiya. Direban da ka kashe wa ido na daƙiƙa biyu, idan yana gudun kilomita 90 a sa'a, ya yi tafiyar mita 50 a makance. Kuma kai yake tunkarowa.

Sai batun hazo, wanda mu mutanen hunturu ba za mu tsallake shi ba. Direbobi da yawa sun yi imani rawayan haske yana huda ƙura. Gaskiyar ta ɗan bambanta da haka. Ɗigon raɓa da ƙwayar ƙura ba sa zaɓen launi sosai, kusan duka suke watsawa. Abin da ke faruwa shi ne hasken da ka tura gaba yana dukan hazo ya dawo maka, ya zama farin labule a gaban gilashi. Idan labulen nan mai shuɗi-shuɗi ne, ya fi gajiyar da ido, ya fi hana ka rarrabe bakin kwalta da ƙasa. Idan mai rawaya ne, ido ya fi jure shi. Amfanin na gaske ne, ko da dalilin ba shi ne wanda ake faɗa a tasha ba. Faransa ta wajabta rawayar fitila ga motocinta daga 1937 har zuwa 1993, wanda ya ga tsofaffin Fijo da aka shigo da su daga can zai tuna idanunsu ruwan ɗorawa. Yau wurin da 3000K ya fi dacewa shi ne ƙananan fitilun hazo da ke ƙasa da bamba, domin suna haskawa daga ƙasa-ƙasa, hasken ba ya dawowa kai tsaye cikin ido. Babbar wuta a cikin hazo kuwa, kowane launi ce, cutar kai ce.

Ni dai da za a tambaye ni, ga motar da ke bin hanyar Kano zuwa Zariya ko Maraɗi zuwa Damagaram rani da damina, zan ce a tsaya tsakanin 4000K da 5000K. Fari ne wanda bai rabu da ɗuminsa ba, yana nuna jar ƙasa a matsayin jar ƙasa, rigar mai tafiya a gefen hanya a launinta. Mai halojin da bai shirya canja tsari ba, ya sayi ƙwai mai kyau mai gilashi garau daga kamfani sananne kamar Osram ko Philips, ya bar shi a 3200K ɗinsa. Na san sababbin motoci da yawa suna fitowa da LED mai kusan 5500K zuwa 6000K, kuma suna gani sosai. Amma waɗannan an ƙera musu gida na musamman, da madubi da gilashin da ke yanke hasken a layi ɗaya don kada ya hau sama. Abin da ke sama da 6000K kuwa ado ne, ba na hanya ba.

Kafin ma a kai ga sayen ƙwai, akwai tambayar da mai wanki zai fara yi: an wanke rigar kuwa? Murfin fitilar motocin yanzu roba ne, ba gilashi ba, kuma ranarmu tana cin sa. Duba Corolla ko Sienna da ta shekara goma tana kwana a waje: murfin ya yi rawaya, ya dushe, in ka shafa sai ka ji kaushi-kaushi. Ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan fitilun a 2018, ta samu suna ba da kusan kashi ɗaya cikin biyar na hasken sabuwa. Mai irin wannan motar yakan ce ƙwansa ya yi ja, ya je ya sayo shuɗi ya cusa a bayan murfin da ya dafe. Bula ke nan a kan dauɗa. Goge murfin da takardar yashi mai laushi da man gogewa, a shafa masa abin kariya daga rana, ko a canja shi gaba ɗaya, ya fi kowane kwali mai babbar lamba amfani.

Sannan madubin da ke bayan ƙwan halojin an lanƙwasa shi ne bisa wurin da ɗan zaren nan yake zaune, ba ya karɓar kuskuren ko da milimita kaɗan. Idan aka zare halojin aka cusa LED ko zenon da tushen haskensa bai faɗa daidai wannan gurbin ba, sai hasken ya fantsama sama da gefe, ya haska rassan itatuwa da fuskokin mutane, tsakiyar hanya ta zauna da duhu. Saboda wannan ne a Birtaniya, motar da aka yi wa irin wannan canjin take faɗuwa a gwajin lafiyar mota na shekara-shekara.

Duk ƙwan da aka zaɓa, a canja biyun tare don kada ido ɗaya ya fi ɗaya, kuma kada mai wayarin ya kama gilashin halojin da yatsa, maiƙon hannu yana sa shi ƙonewa da wuri. Bayan an ɗaura, a sami fili mai daidaito da dare, a fuskanci bango daga nisan mita 10, a kunna ƙaramar wuta. A auna tsayin tsakiyar fitilar daga ƙasa, a yi alama a bangon. Ya kamata a ga layi a fili inda haske ya yanke, yana ƙasa da alamar da kamar santimita 10. Idan ya haura, akwai ƙusar saiti a bayan fitilar da za a juya a sauke shi. Idan kuwa babu layin sam, hasken ya baje ko'ina a bango, to wannan ƙwan bai dace da wannan gidan ba, a mayar wa mai shago a karɓo wani.