Mula-mula, tsuntsun duwatsun Abzin

Jama'ar Arlit da Akokan, akwai wani ɗan tsuntsu da muke gani kullum a kan katanga ko a bakin rijiya. Jikinsa baƙi ne wuluk. Kansa fari ne, kamar ya sa hula. Gindin wutsiyarsa ma fari ne. Tsawonsa santimita 17, wato bai kai taƙi guda ba. Abzinawa suna kiransa mula-mula.

Idan kun ga wani mai baƙin kai duka, ba wani iri ba ne. Ƙarami ne, hularsa ba ta fito ba tukuna.

Mula-mula ya riga mu zama a nan. Tun kafin a kafa garin Arlit a 1969 saboda haƙar uraniyom, yana cikin duwatsu da ƙoramu. Da aka gina gidaje, sai ya shigo gari. Ba ya gudun mutane. Ba ya yin ƙaura. Rani da damina yana nan, yana rera kukansa mai daɗi da sassafe.

Me yake ci? Ƙwari. Sai ya hau dutse ya zuba ido. Da ya hango tururuwa, ko fara, ko tsutsa, sai ya dira ya cafke. Lokacin da yake da ƴaƴa, yini yake yi yana kai musu ƙwari. Masu garka a Timiya da Ifarwan, wannan ɗan ƙwadago ne da ba a biya.

Abzinawa sun ɗauke shi mai kawo albishir. Makiyayi ba ya jifarsa. Amma a gari yara suna harbinsa da danƙo, alhali namansa bai kai loma biyu ba. Iyaye da malamai, ku tsawata musu.

Maganin ƙwari ma yana yi masa illa. Idan ya ci farar da aka fesa wa magani, gubar ta shiga cikinsa ke nan. Kada mu fesa sai da dalili, kuma mu bi awon da malamin gona ya faɗa.

Yana yin sheƙa a ramin dutse ko a kogon bango. Yana ɗauko ƙananan duwatsu da baki, ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a ƙofar ramin. Ƙwai 3 zuwa 5 macen take yi. In kun ga tarin tsakuwa a bakin rami, kada ku toshe, kada ku sa hannu. A bari sai ƴaƴan sun tashi, sannan a yi yaɓe.