Me Ya Sa Furen Dafodil Ba Ya Yi a Fatakwal, Kuma Me Mai Lambu Zai Shuka a Madadinsa?

Fatakwal — An daɗe ana yi wa Fatakwal laƙabi da Birnin Lambu, kuma har yau wanda ya ratsa Trans-Amadi, unguwar masana'antu ta babban birnin Jihar Ribas, zai ga harabobin kamfanoni da gidajen ma'aikata da aka ƙawata da shuke-shuke. Daga cikin 'yan Arewa mazauna wannan yanki akwai waɗanda abincinsu ke fitowa daga gadi da ban ruwa da gyaran irin waɗannan harabobi. Haka abin yake a Anaca da Inugu.

Yakan faru maigida ya dawo daga Turai da ƙunshin wasu dunƙulaye masu kama da ƙananan albasa, da hoton fure mai ruwan ɗorawa a jikin takardar, ya miƙa wa mai lambu ya ce a shuka. Sau da yawa wannan furen shi ne dafodil, wanda Larabawa ke kira narjis. Idan aka binne shi a ƙasar Fatakwal, galibi ganye kawai yake fitarwa, ko kuma ya ruɓe kafin damina ta wuce. Daga nan sai zargi ya faɗa kan mai lambu, alhali kuwa matsalar tana cikin halittar tsiron ne.

Ɗan uwan albasa ne

Masana tsirrai sun sanya dafodil da albasa da tafarnuwa a cikin babban dangi guda, wanda a kimiyyance ake kira Amaryllidaceae. Dukansu suna tara abinci a cikin wani dunƙule mai ɓawo-ɓawo a ƙarƙashin ƙasa. Bahaushe ya daɗe da gane wannan dangantaka, shi ya sa duk tsiron daji mai irin wannan dunƙule yake kiransa albasa: akwai albasar kwaɗi, akwai albasar kura. Likitan nan ɗan Sikotilan, John Dalziel, wanda ya yi aiki a Arewacin Najeriya, ya tattara irin waɗannan sunaye a littafinsa na sunayen tsirrai da Hausa da aka buga a 1916.

Idan aka tsaga albasar dafodil gida biyu za a ga sassa uku: faifan gindi, inda saiwoyi ke fitowa, ɓawo mai kauri da ke riƙe da abinci, da kuma ɗan tsiro a tsakiya, wanda a cikinsa furen baɗi yake kwance tun kafin a shuka.

Asalin dafodil shi ne ƙasashen da ke kewaye da yammacin Bahar Rum, musamman Sifaniya da Fotugal, har zuwa Maroko. A yau Birtaniya ce kan gaba wajen nomansa, musamman a yankunan Cornwall da Lincolnshire, kuma mutanen Wales sun ɗauke shi tambarinsu, suna maƙala shi a riga ranar 1 ga Maris ta kowace shekara.

Sanyi ne mabuɗinsa

A ƙasashen da yake yi, ana shuka dafodil ne daga Satumba zuwa Nuwamba. Ana binne albasar da zurfin da ya kai ninki uku na tsayinta, tsinin yana kallon sama, da tazarar kimanin santimita 10 zuwa 15. Sai ta kwana cikin ƙasa mai sanyi tsawon hunturu tana fitar da saiwoyi. Yawancin nau'o'insa suna bukatar makonni 12 zuwa 16 a cikin sanyin da bai haura digiri 9 a ma'aunin Salshiyas ba. Idan ba a samu haka ba, sandar furen ba ta miƙewa.

Manomin albasa na Aliero a Jihar Kebbi ko na Galmi a Jamhuriyar Nijar ba zai yi mamakin wannan ba. Ya san cewa idan yana son iri, sai ya zaɓi albasa mai kyau daga amfanin bara, ya sake dasa ta a farkon sanyi, domin sanyin dare na hunturu ne ke sa ta fitar da sanda ta yi fure. Bambancin kawai shi ne, sanyin da ke isar albasa bai kai ko kusa da abin da dafodil ke nema ba.

A Fatakwal da wuya ma'aunin zafi ya sauka ƙasa da digiri 20, ko da a watan Janairu. Ga kuma ruwan sama da ke haura milimita 2,000 a shekara. Dafodil kuwa yana son ya yi hutunsa cikin ƙasa mai ɗan bushewa bayan ya gama fure. Zafi da laima idan suka haɗu, suna buɗe hanya ga wata cutar fumfuna mai suna Fusarium, wadda ke fara cin albasar daga gindi har ta lalace. Anaca da Inugu suna da rani mai ɗan tsawo fiye da Fatakwal, amma su ma ba su da sanyin da ake bukata.

Akwai dabarar ajiye albasar a firji na tsawon makonnin nan kafin a dasa ta a tukunya. Sai dai tana bukatar wutar lantarki da ba ta yankewa, kuma ba a haɗa ta da tuffa ko ayaba, domin iskar da nunannun 'ya'yan itace ke fitarwa tana kashe furen da ke ciki. Ko an dace, fure ɗaya ake samu, baɗi sai an sake sayen wata. Akwai kuma wani nau'i mai fararen furanni masu ƙamshi da ba ya bukatar sanyi, wanda ake iya tsirar da shi a kwano mai tsakuwa da ruwa, amma shi ma da wuya ya maimaita a wuri mai laima.

Ya kamata a sani kuma cewa shigo da iri ko dashe daga ƙetare yana bukatar izini da takardar shaidar lafiyar tsiro, kuma hukumar NAQS mai kula da killace kayan gona ce ke da alhakin hakan.

Abin da ke yi a Kudu

Rashin dafodil ba yana nufin rashin furanni masu albasa ba. Akwai 'yan uwansa da zafi da ruwa ne ma abin sonsu.

Na farko shi ne jinsin Crinum. Albasar kwaɗi, mai farin fure da jan zane a tsakiya, tana fitowa da kanta a fadamun Arewa da farkon damina. A dazuzzuka da bakin rafukan Kudu kuma akwai Crinum jagus, mai manyan fararen furanni, wanda ke jure wa ƙasa mai jiƙa.

Na biyu shi ne Hippeastrum, ɗan asalin Kudancin Amurka da tsibiran Karibiyan, mai fure kamar bakin kakaki, ja ko ruwan lemo. A Najeriya ana yi wa wani nau'insa laƙabi da furen hunturu, saboda da rani yake buɗewa.

Na uku shi ne Hymenocallis, mai fararen furanni masu siraran yatsu kamar ƙafafun gizo-gizo, wanda ya dace da jerawa a gefen hanya ko jikin katanga. Sai kuma ƙaramin cikinsu, Zephyranthes, wanda ke fitar da fure fari ko ruwan hoda ko ɗorawa 'yan kwanaki bayan saukar ruwan sama.

Yadda ake shukawa

Abin da ya dace da dafodil a Turai, a nan kuskure ne. Ba a binne manyan albasun ƙasashe masu zafi da zurfi. Crinum ana barin wuyansa a waje, Hippeastrum kuma ana barin kashi ɗaya bisa uku na albasar a saman ƙasa. Zephyranthes ne kaɗai ake rufewa, da kamar santimita 3 zuwa 5 na ƙasa.

A Trans-Amadi, inda ruwa ke kwanciya bayan mamako, abu mafi muhimmanci shi ne magudana. A ɗaga kunya da kamar santimita 20 zuwa 30, a gauraya ƙasar da yashi mai tsakuwa da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen kashin shanu ko na kaji yana ƙona saiwoyi, don haka sai wanda ya daɗe ya huce. Idan a tukunya ne, a tabbatar tana da huji a ƙasa, kuma kada ta fi albasar faɗi da yawa, domin ƙasar da saiwa ba ta kai gare ta ba ita ce ke riƙe ruwa.

Crinum yana girma sosai, saboda haka a ba shi tazarar santimita 60 zuwa mita 1. Hippeastrum kuwa santimita 30 ta ishe shi. Dukansu suna son ranar safe da 'yar inuwa da tsakar rana.

Kulawa bayan fure

Babban kuskuren da ake yi, a Turai da nan duka, shi ne yanke ganye da zarar fure ya bushe don a ga wuri ya yi tsaf. Ganyen nan shi ne ke haɗa abincin da ake mayarwa cikin albasa domin furen baɗi. Ga dafodil, ƙa'idar ita ce a bar shi aƙalla makonni 6. Ga 'yan uwansa na nan, a bar shi har ya yi ɗorawa da kansa. Busasshen furen kaɗai ake cirewa, don kada tsiron ya ɓata ƙarfinsa wajen yin iri.

Abin da sanyi ke yi wa dafodil, ɗan fari ne ke yi wa Hippeastrum. A wurin da ruwa ba ya yankewa yakan yi ta ganye babu fure. Maganin haka shi ne a mayar da tukunyar ƙarƙashin rumfa daga Nuwamba, a daina ban ruwa na makonni 8 zuwa 10. Idan aka ci gaba da shayar da shi, yakan yi fure bayan makonni 6 zuwa 8. A Inugu, inda rani ya fi bayyana, yanayi da kansa yakan yi wannan aikin.

Akwai wata tsutsa baƙa mai ɗigo-ɗigon fari, mai suna Brithys crini, wadda ke huda ganye ta bi ta cikinsa har ta isa albasar. A riƙa duba bayan ganye, a cire ƙwayayenta da hannu tun da wuri. Dodon koɗi ma yana ɓarna da dare. Duk albasar da ta yi laushi tana wari, a tone ta da ƙasar da ke kewaye da ita a ƙona.

Hanyoyi uku na ninkawa

Hanya mafi sauƙi ita ce raba 'ya'ya. Uwar albasa tana haifar da ƙanana a gefenta. Bayan shekara 3 zuwa 5 sukan cunkushe, fure ya ragu. Sai a tone gungun gaba ɗaya bayan ya gama fure, a ɓalle 'ya'yan da suka yi saiwarsu, a dasa nan take. Manyan cikinsu sukan yi fure cikin shekara 1 ko 2.

Hanya ta biyu ita ce tsagawa, wadda manoman dafodil ke amfani da ita, kuma tana aiki ga Hippeastrum. A wanke wuƙa sosai, a yanka lafiyayyar albasa daga sama zuwa ƙasa gida 8 zuwa 16, kowane yanki da guntun faifan gindi a jikinsa, domin daga nan sabon tsiro ke fitowa. A shafa maganin fumfuna, a sa cikin yashi mai ɗan damshi a inuwa. Cikin kimanin makonni 12 ƙananan albasu za su bayyana, amma fure sai bayan shekara 2 zuwa 3.

Ta uku ita ce iri. Irin Crinum yana da tsoka kuma ba ya ajiyuwa, ana ɗora shi ne a saman ƙasa mai damshi da zarar ya faɗo. Wannan hanya tana cin shekaru. Dafodil kansa yakan ɗauki shekara 5 zuwa 7 daga iri zuwa fure. Mai neman ƙarin haske na iya tuntuɓar cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, wadda ke da rassa a Mbato ta Jihar Imo da Bagauda ta Jihar Kano.

Kama da wane ba ta wane

Gargaɗi mafi girma ya shafi ɗakin girki. Dafodil da dukan 'yan uwansa da aka ambata suna ɗauke da guba, musamman wani sinadari mai suna likorin, wanda ke jawo amai da gudawa da ciwon ciki, kuma dafuwa ba ta kawar da haɗarin. A watan Fabrairun 2015 hukumar lafiyar al'umma ta Ingila ta rubuta wa manyan kantuna cewa su nisanta dafodil daga wurin sayar da kayan miya, saboda wasu na ɗaukarsa albasa. Gaskiya ne ana tace wani magani daga dafodil, mai suna galantamin, da ake bai wa masu cutar mantuwa ta Alzheimer, amma wannan aikin masana'anta ne da awon likita, ba jiƙon gida ba.

A unguwannin da fataucin albasa ya zama sana'a, kuma iyali ke zaune a ɗaki ɗaya da kayan aiki, kuskuren ba shi da wuyar aukuwa. Alamar da ba ta ruɗi ita ce wari: albasar ci tana da warinta idan aka karce ta, ta fure kuwa ba ta da shi. Kada a ajiye albasar fure kusa da kayan miya ko inda yara da awaki za su kai gare ta. A sa safar hannu yayin aiki, domin ruwanta yana sa ƙaiƙayi. Idan wani ya ci, a garzaya da shi asibiti tare da ragowar abin da ya ci.

Mai lambun da aka miƙa wa ƙunshin dafodil yana da bayanin da zai yi wa maigidansa tun kafin a tona rami: wannan fure na ƙasar sanyi ne. Kuɗin da za a kashe a kansa kowace shekara zai sayi 'yan albasun Crinum ko Hippeastrum, waɗanda idan aka kula da su, cikin shekaru kaɗan za su cika kunya, har a samu 'ya'yan sayarwa.