Wa Ke Duba Nonon da Muke Sha?

Duk ɗalibin da aljihunsa ya yi sanyi a tsakiyar zango ya san darajar fura da nono. Ta rufa wa da yawa daga cikinmu asiri. Amma ga wata tambaya da ba mu cika yi ba: tsakanin hantsar saniya da ludayin da muke kai wa baki, wace hukuma ce ta leƙa?

Idan madarar gwangwani ce ko yogot na roba, amsar ba wuya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke yi wa irin waɗannan kaya rajista. Kafin ta ba da lamba sai jami'anta sun je masana'anta sun ga ruwan da ake aiki da shi, da tsaftar ma'aikata da injina, sun kuma ɗauki samfur zuwa ɗakin gwaji. Babban abin da ake nema shi ne a tabbatar an dafa madarar yadda ya kamata: digiri 72 na ma'aunin Salshiyas na daƙiƙa 15, ko digiri 63 na minti 30, sannan a sanyaya ta nan take.

Me ya sa ake wannan takura? Saboda madara ba mu kaɗai take ciyarwa ba, har da ƙwayoyin cuta. Saniya mai tarin fuka tana iya zubo cutar a cikin nononta. Haka ma bakkale, ciwon da ke sa shanu ɓari, wanda idan ya kama mutum sai ya yi ta zazzaɓi yana tafiya yana dawowa, a yi ta ɗura masa maganin maleriya a banza. Akwai kuma matsalar allura: idan aka yi wa saniya maganin kashe ƙwayoyin cuta, akwai kwanakin da bai kamata a sha nononta ba. To wane makiyayi ne zai zubar da nonon kwanaki alhali ba wanda zai biya shi?

A nan gizo ke saƙar. Nonon ƙwarya ba shi da lamba, ba ya bi ta masana'anta. Daga ruga sai kan tallar mai nono, sai bakin ƙofar makaranta. Lafiyar shanu aikin likitocin dabbobi ne, tsaftar abincin kasuwa kuma aikin duba-gari ne na ƙananan hukumomi. Sai dai duba-gari ido kawai gare shi. Zai ga ƙuda, zai ga ƙwaryar da ba faifai, amma ba zai ga irin ruwan da aka sirka da shi ba, balle bakkale.

Wasu abokaina kan ce ai tsami yana kashe komai. Yana rage wasu ƙwayoyin, gaskiya ne, amma ba abin dogaro ba ne. Tafasawa ce magani, shi ya sa hankalina ya fi kwanciya da kindirmon da aka tafasa madararsa kafin a kwantar.

Kada kuma a ɗauka kayan kamfani ba sa cuta. A China a 2008, an zuba sinadarin melamin a madara don ya ruɗi gwajin furotin. Jarirai shida suka mutu, kusan 300,000 suka yi rashin lafiya. Kamfanoni ne manya masu takardu, gwajin ne aka yi wa wayo.

Ni dai a ganina, korar masu tallar nono ba ita ce mafita ba. Sana'ar da ke riƙe da gidaje ce. Dubawa ta fi sauƙi a cibiyar tara madara kusa da ruga. A can, ɗan ma'aunin da ake tsomawa cikin madara yana tona asirin ƙarin ruwa, ɗigon barasar gwaji kuma yana nuna wadda ta fara lalacewa, sai ta guntse. Ba kaya ne masu tsada ba, duk wanda ya shiga ɗakin gwajinmu zai iya koyo cikin yini ɗaya. Tunda gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, irin waɗannan cibiyoyi nake son in ga an kai ƙauyuka, da firij mai aiki da hasken rana, da ma'aikacin da zai iya cewa "wannan ba za ta shiga ba" kuma a ji maganarsa.