Kafin Roka Ta Tashi, Wa Zai Kai Ta Fili?

Akwai wani hoto da Indiyawa ke alfahari da shi har gobe. Mutum ne ke tura keke a kan turba, a bayan keken an ɗora kan roka mai tsini, abokin aikinsa na biye da shi a ƙafa. An ɗauki hoton ne a Thumba, ƙauyen masunta da ke jihar Kerala, inda Indiya ta harba rokarta ta farko ranar 21 ga Nuwamba 1963. A 1981 kuma, da injiniyoyinsu suka so gwada eriyar tauraron ɗan'adam ɗinsu mai suna APPLE a fili, sai suka ɗora shi a kan amalanken shanu, domin ƙarfen babbar mota na dagula saƙon da suke son aunawa. Wannan ƙasa ce ta sauke na'ura a duniyar wata a 2023.

Duk mutumin Daura da ya ga hoton amalanken nan sai ya yi murmushi, don irinta ce ke kai taki gona a Sandamu da Zango. Abin da ya sa na kawo zancen shi ne, idan ana maganar roka hankalin kowa na kan tashinta, alhali masu yin abin don sha'awa, wato ɗalibai da malamai da makanikai waɗanda ba gwamnati ta sa su ba, sun san rabin wahalar tana tsakanin ƙofar shago da filin harbawa.

Robert Goddard, wanda ya harba roka ta farko mai amfani da ruwan mai ranar 16 ga Maris 1926, a gonar wata 'yar uwarsa ya yi gwajin, a jihar Massachusetts ta Amurka. Daƙiƙa biyu da rabi rokar ta yi a sama. Da gwaje-gwajensa suka fara firgita maƙwabta, sai ya tattara ya koma Roswell da ke New Mexico a 1930, inda yake ɗaura roka a tirela, ya ja ta da mota zuwa dajin da ya kafa hasumiyarsa. Magadansa a wannan sha'awa har yau haka suke yi. Kowace shekara sukan yi ayari zuwa hamadar Black Rock a jihar Nevada, wani busasshen tafki mai faɗi, shimfiɗaɗɗe kamar faifai. A can ne ranar 17 ga Mayu 2004 wata ƙungiyar 'yan sa-kai ta harba roka mai suna GoFast, mai tsawon sama da mita 6, ta kai nisan kilomita 116, ta zama rokar farko da masu sha'awa suka kai sararin samaniya.

Yadda suke shirya kayan shi ne abin lura. Roka ba a ɗaukarta a haɗe. Gangar jikinta bututu ne mara nauyi, ana rarraba shi gida biyu ko uku, a kwantar da kowane a kan katako mai gurbi da aka lulluɓe da soso, yadda fukafukan da ke gindinta ba za su taɓa komai ba. Fiffike ɗaya ya ɗan karkace a hanya, roka ta tashi a karkace, kuma babu wanda ya san inda za ta nufa. Makamashin kuwa akwatinsa daban, nesa da zafi, sannan 'yar wayar da ke kunna shi tana wani akwatin daban, ba a haɗa su sai an isa fili, an kuma janye jama'a. Wanda ya san yadda cikin rufaffiyar mota ke zama a Daura a watan Afrilu ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Ƙaramar roka na shiga bayan ƙaramar mota. Babba sai a-kori-kura ko tirela, saboda tare da ita ake ɗauko dogon ƙarfen da take bi ta miƙe, da batura, da na'urar kashe gobara, da rumfa, da ruwan sha.

A nan Afirka ma an yi. Jami'ar KwaZulu-Natal da ke Durban ta ƙera wa rokokinta masu suna Phoenix dandalin harbawa na tafi-da-gidanka, wanda ake jansa sama da kilomita dubu zuwa filin gwaji na Overberg. A Maris 2021 ɗaya daga cikinsu ta kai kusan kilomita 18 a sama.

To, mu dawo gida. Daura na da Jami'ar Sufuri ta Tarayya, wadda aka aza harsashinta a Disamba 2019, tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga ƙasa shimfiɗaɗɗa wadda ido ke ganin nesa bayan an kwashe amfanin gona. Mota kuwa ba matsala ba ce: duk mai walda a bakin kasuwa zai haɗa tirelar nan cikin mako guda, kafinta ya yi gurbin katakon. Inda gizo ke saƙar shi ne shingen bincike.

Mai karatu ya ƙaddara malamin kimiyya ne ya taso daga Daura ya nufi wajen Baure, da ɗalibai huɗu a mota, da bututu mai tsini da fukafukai a baya. Jami'in da ya tsayar da shi ba shi da laifi idan gabansa ya faɗi. Jihar Katsina ta sha wuya a hannun 'yan ta'adda, ga iyakar Nijar a Kongolam nan kusa. Kalmar 'yan bindiga kanta, wadda a da ke nufin masu harba bindigar gargajiya a gaban Sarki ranar hawan Sallah, yau an ji ta sai a nemi mafaka. Me malamin zai nuna? Dokar abubuwan fashewa ta 1964 ta tanadi lasisi, amma da masu fasa dutse da haƙar ma'adinai aka yi ta a zuciya. Hukumar NASRDA, da aka kafa a 1999, tana da cibiyar binciken roka, sai dai tana can Epe a jihar Legas, ƙarshen ƙasa daga nan.

Amurkawa ma sun sha wannan fama. Ƙungiyoyinsu biyu, Tripoli da NAR, sun shafe shekara tara a kotu da hukumar da ke kula da abubuwan fashewa, sai a 2009 alƙali ya yanke cewa a cire makamashin manyan rokokinsu daga jerin abubuwan fashewa. Ƙungiyoyin nan kuma masu tsari ne: suna da rajistar membobi, da jarrabawa hawa-hawa kafin a sayar wa mutum babban makamashi, da izinin hukumar jiragen sama kafin kowace babbar harbawa.

A ganina daga nan ya kamata a fara, kuma Jami'ar Sufuri ce ta fi cancanta ta ja gaba, tunda ɗaukar kaya masu haɗari reshe ne na ilimin da aka kafa ta dominsa. A soma da rokar ruwa, wadda gorar lemo ce da famfon keke, babu albarushi ko ƙwaya ɗaya. A yi mota guda mai tambarin makaranta, da takarda mai ɗauke da sunan kowane kaya da ke ciki, a sanar da 'yan sanda da rundunar sojin sama da ke Daura tun kafin ranar, hakimi da dagaci kuma su san filin da za a yi amfani da shi. Masarautar da ta daɗe tana tsara wa masu albarushi inda za su tsaya da lokacin da za su harba a hawan Sallah da na Gani ba za ta rasa yadda za ta yi da ɗalibai goma ba.

Sai kuma batun dawowa da ita, wanda sabon shiga ke mantawa. Roka na saukowa ne da laima, iska kuma na tafiya da ita inda ta ga dama. Da damina iskar daga kudu maso yamma take busowa, tana iya tsallakar da kayan ɗalibai zuwa ƙasar Nijar, ga shuka a ko'ina. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ta turo rokar cikin gida, amma a lokacin ne busasshen kara ke jiran tartsatsi, ƙura kuma na ɓoye sama. Idan ta sauka cikin yashi, kilomita biyu daga kwalta, a-kori-kura ba za ta kai wurin ba. Sai a nemi mai babur, ko a yi ciniki da mai amalanke.