Filin lakwal: inuwa da bazara, mashayar ruwa da damina

Duk uwar da ta taɓa kai wa ɗanta abinci lakwal a watan Afrilu ta san yadda filin yake: rairayi kamar an kwaso daga murhu, yara sun cunkushe a gindin bango suna rabon ƴar inuwar da ba ta kai tabarma ba. A Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram, zafin Afrilu da Mayu yakan wuce digiri 40. Yaron da ya sha wannan rana, ya koma aji mai rufin kwano, ina zai gane abin da mushe ke faɗa?

Da damina kuma filin nan ne yake zama tabki. Ba mu manta da 2024 ba: ambaliya ta kashe mutum sama da 300 a Nijar, jihar Maraɗi tana cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram ya faɗi. Da yake waɗanda gidajensu suka rushe sun fake cikin azuzuwa, wasu azuzuwan kuma sun lalace, sai da aka ɗage komawa lakwal daga 2 zuwa 28 ga Oktoba.

Zafin da ruwan, tushensu ya haɗu a wuri guda. Ƙasar da ƙafafu suka daddaɓe, babu ciyawa babu saiwa, ba ta shan ruwa. Sai ya gudu ya ci gindin bango, ya faɗa gidajen maƙwabta. Ita ce kuma take ɗaukar rana ta maido wa yara. Icce yana tare rana, ganyensa yana fitar da laima mai sanyaya iska, saiwarsa tana buɗe wa ruwa hanya.

Wannan ba baƙon ilimi ba ne a wurinmu. A jihar Maraɗi sassaben zamani ya kankama wajen 1983, har ya maido da itatuwa a gonaki kimanin hekta miliyan 5 a faɗin Nijar. Tassa da rabin-wata, mutanen Tawa sun ƙware a kansu. A Maraɗi ɗin dai aka haifi Mata Masu Dubara a 1991. Abin da ya rage shi ne dubarar ta shiga ƙofar lakwal.

To me ya sa dashen 3 ga Agusta yake yawan mutuwa? Ana dasawa ana babban hutu, kowa ya watse, awaki su shigo. Wanda ya tsira, rani ya ƙarasa shi don ba mai ban-ruwa. A nan ƙungiya take da abin da wasu ba su da shi: muna haɗuwa kowane mako, kuma mun iya riƙon amana.

Ku fara da zama da darakta, da kwamitin kula da lakwal, da ƙungiyar iyaye mata, don fili ba namu ba ne mu kaɗai. In an yi ruwa, ku je ku ga inda yake kwanciya da inda yake bi. Nan za a haƙa rabin-wata, bakinsa yana fuskantar inda ruwan ke gangarowa, a zuba taki, a dasa a ciki. Kada ramin ya yi zurfi, kada ruwa ya kwana biyu a ciki, saboda ƙananan yara da sauro. Dogon yaro yana saurin ba da inuwa, amma a nisanta shi da bango da masai. Aduwa da magarya suna jure ƙishi. Zogale ya samu lungu mai shinge, ganyensa ya shiga tukunya. Ma'aikatan gandun daji za su nuna muku inda ake samun dashe.

Kuɗin fa? Mata 25, kowace ta ƙara dala biyar ranar zubi, a wata an tara jika biyu da rabi. A yi masa akwati daban, kada a taɓa kuɗin rance. A fara da igiya, ƙaya da ruwan mai-garuwa. Kowane icce a ba shi uwa guda da aji guda, a rubuta a littafi kamar yadda muke rubuta bashi.

Kada ku ɗauki ɗari. Ku ɗauki goma, ku raine su har su tsallake bazara biyu. A taron mako mai zuwa, ku sa maganar cikin abin da za a tattauna, ku zaɓi mata biyu da za su je wurin darakta.