Ladubban Masu Ɗaukar Hoto a Bakin Ruwan Ƙasar Yauri

Gabatarwa

Kowace sana'a ta Bahaushe tana da ƙa'idojinta waɗanda ba a rubuce suke ba, amma duk ɗan sana'ar ya san su, kuma yana jin kunyar a gan shi ya taka su. Mahauci ba ya kiran mai sayen da ke tsaye a gaban teburin ɗan'uwansa. Masunci ba ya jefa birgi a inda wani ya riga ya shimfiɗa taru. Haka nan dillali ba ya tsoma baki cikin cinikin da ba a kai ga sallamawa ba. Ɗaukar hoto kuwa baƙuwar sana'a ce a wurinmu. A shekarar 1839 aka bayyana wa duniya dabarar a ƙasar Faransa, kuma sai wajen ƙarshen wannan ƙarni aka sami 'yan ƙasa irin su Jonathan Adagogo Green na garin Bonny suna cin abinci da ita. Duk da baƙuntar tata, da ta zauna a ƙasar Hausa sai ta ɗauki ɗabi'ar sauran sana'o'i.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana ladubban da suka kamaci masu hoto idan sun haɗu a fili guda, watau wurin da ba na kowa ba ne a cikinsu, alhali kuwa kowa yana neman abincinsa a ciki. Za mu ɗauki bakin ruwan Yauri da Ngaski da Shanga a matsayin misali.

Wurin da Ake Magana a Kansa

Masarautar Yauri tana kudancin Jihar Kabi, wadda aka ƙirƙiro daga tsohuwar Jihar Sakkwato a 1991, kuma ta ƙunshi ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga. Kogin Kwara, watau Neja, shi ne ƙashin bayan rayuwar wannan ƙasa. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, aka gama a 1968. Da ruwa ya taru sai ya zama tafki mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,200, ya cinye tsohon garin Busa da tsibirai masu yawa, har aka sake wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, cikinsu har da Gungawa waɗanda tun kaka da kakanni a kan tsibiran suke zaune.

Wannan tafki shi ya ba ƙasar Yauri irin kyan ganin da mai hoto yake nema: mashigar jirage ta Yelwa, da kasuwar kifi, da kwale-kwalen masunta da asuba, da gonakin albasa a inda ruwa ya janye, da tsuntsayen tsibirin Foge, da kasuwar Wara ranar cinta. Sai dai bakin ruwan ba ya zama wuri guda. Sau biyu ruwa yake zuwa a shekara. Akwai na damina wanda yake zuwa da laka daga ruwan saman da aka yi a kusa, akwai kuma wanda yake isowa cikin hunturu bayan ya yi doguwar tafiya daga duwatsun ƙasar Gini. Saboda haka dutsen da aka tsaya a kai aka ɗauki hoto a wannan wata, wani watan yana ƙarƙashin ruwa.

Abin da Yake Kawo Tsukewa

Mai karatu zai iya tambaya, ina dalilin tsukewa a bakin tafki mai wannan girma? Amsar tana ga rana. Yelwa da Wara duk a gabashin ruwa suke, don haka rana tana faɗuwa ne a bayan ruwan idan mutum ya tsaya a gaɓa. Da tsakar rana haske yana saukowa daga bisa, ya sa inuwa a ƙarƙashin idanu da hanci, ya kuma tilasta wa mutum ya runtse ido. Hasken da yake fito da kyan fuska da na tufafi shi ne na bayan la'asar sakaliya da na hantsi kafin rana ta ɗaga. Da yake ƙasarmu ba ta da nisa da tsakiyar duniya, rana ba ta jinkiri wajen faɗuwa kamar yadda take yi a Turai. Ke nan lokacin aikin gajere ne ƙwarai, wuraren tsayawa masu kyau kuma 'yan kaɗan ne. Ranar Salla ko lokacin bukukuwan aure, sai a tarar da masu hoto da dama suna hanƙoron gaɓa guda a cikin sa'a guda. A nan ne ake gane wanda ya koyi sana'a da wanda ya sayi kyamara kawai.

Tsakanin Mai Hoto da Mai Hoto

Ladabi na farko shi ne girmama wanda ya riga zuwa. Duk wanda ya kafa ƙafar kyamararsa, ya tsayar da mutanensa, to wurin nasa ne har ya gama. Na baya zai yi sallama, ya tambaya, "Maigida, saura da yawa?" sa'an nan ya koma gefe. Amma wannan haƙƙi yana da iyaka. Wanda ya riga zuwa ba sayen gaɓar ya yi ba. Idan ya ga layi a bayansa, ga rana tana shirin faɗuwa, wajibi ne ya taƙaita, ya ɗauki abin da ba makawa, ya matsa. Mai ajiye jaka a kan dutse tun azahar don kama wuri, ya tafi yawonsa, ya yi abin da Hausawa suke cewa rijiya ta bayar guga ya hana.

Na biyu shi ne kiyaye idon kyamarar wani. Ba a ratsawa ta gaban mai ɗauka, ta bayansa ake zagayawa. Wannan bai tsaya ga jikin mutum kaɗai ba. Da yamma inuwa tana da tsawo, tana iya faɗawa cikin hoton wanda yake nesa da kai. Haka nan walƙiyar filasha idan ta tashi daidai lokacin da wani ya danna tasa kyamarar, sai ta wanke masa fuskokin mutanensa. A zamanin fim, lokacin da nadi guda yake ɗauke da hoto 24 ko 36, kuma ba a ganin sakamako sai an kai an wanke, irin wannan ɓarna hasarar kuɗi ce tsagwaronta. Yanzu da ake ganin hoto nan take hasarar ta ragu, amma murmushin amarya ko jifan birgin masunci ba ya dawowa don an ce a sake.

Na uku shi ne barin cinikin wani. Idan ango ya ɗauko mai hotonsa, ba daidai ba ne wani ya raɓo ya miƙa wa dangin amarya lambar wayarsa, ko ya raɗa musu cewa shi zai yi a rabin kuɗin. Akwai kuma wata sata da ba a cika kiranta sata ba, watau mutum ya laɓe a bayan kafaɗar ɗan'uwansa ya ɗauki tsayuwar da wancan ya sha wahalar shiryawa. Shirya mutane, da zaɓen inda haske zai faɗo musu, da sa su saki jiki, shi ne ainihin aikin. Danna maɓalli kowa ma ya iya.

Na huɗu shi ne taimakon juna. Batir yakan mutu, ƙurar hunturu takan shiga madubin kyamara, kati yakan cika ana tsakiyar aiki. Wanda ya ara wa abokin sana'arsa batir yau ya san inda zai nema gobe. Babba a sana'a yana da haƙƙin a ba shi wuri, a gaishe shi, shi kuma nauyi ne a kansa ya tsawata wa yaransa, kuma kada ya kunyata yaron wani a gaban masu ba shi aiki. Gyara a keɓe ake yinsa.

Ranar Biki

Bikin Rigata da ake yi a bakin kogi a Yelwa, inda ake tseren kwale-kwale da iyo da sauran wasannin ruwa, shi ne ranar da masu hoto na gida suke haɗuwa da baƙi daga Birnin Kabi da Sakkwato da Abuja. Haka abin yake a bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. A irin wannan taro tsarin da ya fi dacewa shi ne na sahu: na gaba su durƙusa, na baya su tsaya, kowa ya samu. Wanda ya miƙe a sahun gaba ya toshe mutum goma. Idan Mai Martaba Sarkin Yauri ya fito, dogarai ne suke nuna iyakar da za a tsaya, kuma mai hoton fada shi ne a gaba. Baƙo mai doguwar kyamara ya tuna cewa tasa tana kaiwa nesa, ta ɗan gari kuwa sai ya matso, don haka ba ragi ba ne a gare shi idan ya bar masa gaba. Shi kuma ɗan gari ya nuna wa baƙo inda laka take da inda jirage za su juyo.

Haƙƙin Masu Wuri

Duk abin da aka faɗa a sama tsakanin baƙi ne, domin ainihin masu bakin ruwa su ne masunta da matuƙa jirgi da manoma da matan da suke wanki da ɗiban ruwa. Hausawa sun ce idan mai wuri ya zo, mai tabarma sai ya naɗe. Ba a tsayar da saukar kaya a mashiga don ana ɗaukar ango. Ba a hawa kwale-kwalen mutum ko a taka tarun da ya shanya ba da izininsa ba, kuma idan an yi amfani da jirginsa a ba shi ɗan abin goro. Mashayar da mata suke wanka haramtacciya ce ga kyamara, ko daga nesa. Wanda yake son yin aiki mai tsawo a wata tunga, ya fara gaida mai gari da Sarkin Ruwa.

Abin lura a nan shi ne, laifin mutum guda kan dukan 'yan sana'a yake faɗawa. Idan wani ya ɗauki matar aure ba da saninta ba, hoton ya bazu a wayoyi, gobe duk wanda ya zo da kyamara korarsa za a yi. Malick Sidibé na ƙasar Mali, wanda ya rasu a 2016, ya yi suna a duniya da hotunan samari da 'yan mata da ya ɗauka a bakin wannan kogi namu a Bamako. Duk wanda ya dubi hotunan zai ga mutanen sun san ana ɗaukarsu, kuma sun yarda da mai ɗaukar. Yardar nan ita ce jarin mai hoto, ta fi kyamara tsada.

Akwai kuma ranar baƙin ciki. A watan Mayu na 2021 wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ya nutse kusa da Wara, mutane masu yawan gaske suka rasu. A rana irin wannan, gaɓa ta masu ceto ce da dangin mamata. Mai hoton jarida yana da aikin sanar da duniya abin da ya faru, amma yana iya nuna jirage da taron jama'a da masu nutso ba tare da ya buɗe fuskar gawa ba.

Sababbin Kayan Aiki da Doka

Wayar hannu ta mai da kowa mai hoto, ƙaramin jirgin sama marar matuƙi kuma ya kawo sabuwar damuwa, domin yana shiga hoton kowa, ƙararsa tana ɓata wa mai ɗaukar bidiyo sauti, yana korar tsuntsaye, yana kuma leƙa cikin gidajen da katanga ta suturta. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta Nijeriya ta wajabta neman izini kafin a tashe shi. Bayan izinin hukuma, ladabi ya nemi a sanar da sauran masu aiki a wurin. Haka nan sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023 ta kare hoto kamar yadda ta kare littafi. Wanda ya goge sunan ɗan'uwansa daga hoton faɗuwar rana a Yelwa ya sa nasa, ya saɓa wa doka bayan ya saɓa wa sana'a.

Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa ladubban masu hoto ba baƙin abubuwa ba ne ga Bahaushe. Kara ce da kunya da girmama na gaba da kiyaye cinikin wani, aka ɗauko su daga kasuwa aka kawo bakin ruwa. Abin da ya canza shi ne yawan masu shiga sana'ar ba tare da sun zauna a gaban maigida ba, alhali kuwa a gaban maigida ake koyon waɗannan abubuwa. Don haka ya kamata dattawan sana'ar a Yelwa da Wara da Shanga su riƙa zama da matasa kafin Salla da kafin Rigata, a yi shawara a kan sahu da farashi da wuraren da ba a ɗauka, kuma a gayyaci sarakunan ruwa su faɗi nasu sharuɗɗan da bakinsu.