Shaidar Harsashi a Yamai da Wagadugu

Ranar Juma'a 9 ga Afrilu 1999, da hantsi, Shugaba Ibrahim Ba'are Mainasara ya isa ɓangaren soja na filin jirgin saman Yamai. Jirgi mai saukar ungulu na jiransa zai kai shi Inates, can kan iyakar Mali. Bai hau ba. Dogarawansa, waɗanda Kwamanda Dauda Malam Wanke ke shugabanta, su ne suka buɗe masa wuta, kuma rahotannin lokacin sun ce har da babbar bindigar nan da ake girkawa a bayan mota. Ba shi kaɗai ya faɗi a wurin ba.

A ranar Firaminista Ibrahim Hasan Mayaƙi ya shaida wa ƙasa cewa shugaba ya rasu a wani mummunan tsautsayi. Haka aka ji a rediyo, daga Yamai har Tanut da Belbeji. Bayan kwana biyu Wanke ya hau kujera. Aka kai gawa Dumega, a yankin Dogon Dutse, aka rufe. Tsarin mulkin da aka jefa wa ƙuri'a a watan Yuli ya yi afuwa ga masu juyin mulkin 1996 da na 1999, wato wanda ya ɗora Ba'are da wanda ya kashe shi.

Alhali maganar tsautsayi ana iya gwada ta da ma'auni. Duk maharbin da ya taɓa feɗe barewa a dajin Damargu ya san ƙofar da harsashi ya shiga ƙarama ce, ta fita kuwa yawanci a yage take. Likitan binciken gawa ya ɗara shi kaɗan. A ƙashin kai, ramin yana faɗaɗa ta wajen da harsashin ya nufa. Baƙin albarushi a jikin tufa na nuna an yi harbin kurkusa. Kwanson da ya zube a ƙasa na nuna wajejen da mai harbi ya tsaya, kuma kowace bindiga na barin tabonta a jikinsa. Ramin da ke jikin mota ko bango akan zura masa siririyar sanda a ja zare, a ga inda layin ya nufa. Bindigar da ta suɓuce wa soja dabam take barin sawu da wutar da aka haɗa wa mutum ɗaya da gangan. Sai dai aikin na ranar ne, kafin a share fili. A Yamai kuwa ba a taɓa ajiye hujjar harsashi gaban alƙali ba.

Maƙwabta sun ɗanɗana irin wannan tun kafin mu. Ranar 15 ga Oktoba 1987 aka harbe shugaban ƙasarsu, Kyaftin Thomas Sankara, da mutum 12 a Wagadugu, aka turbuɗe su cikin dare a maƙabartar Dagnoën. Takardar da wani likitan soja ya sa wa hannu ta ce mutuwar Allah da Annabi ce. Haka maganar ta kwanta har Blaise Compaoré, wanda ya gaje kujerar Sankara, ya faɗi a Oktoban 2014. A watan Mayu 2015 aka tone kaburburan.

Kusan shekara 28 a cikin ƙasa. Nama ya tafi, kuma tare da shi hanyar da kowane harsashi ya bi a cikin jiki. Ƙashi ya rage, da ragowar jajayen kayan motsa jiki da Sankara ke sanye da su. Gwajin ƙwayoyin halitta da aka yi a Faransa, aka sake a Sifaniya, bai haifar da komai ba. Amma tsumman sun yi magana. A Oktoban 2015 lauyan iyalin, Ambroise Farama, ya ce an sami wuraren harbi fiye da goma, har da ƙarƙashin hammata. Da aka zo kotun soja, Farfesa Robert Soudré ya ce aƙalla harsasai bakwai sun shiga ƙirji, ɗaya ta baya. Jami'in 'yan sanda Moussa Millogo ya danganta ƙunar da ke jikin tufafin da irin harsasan nan masu barin layin wuta a iska.

Takardar likitan ta mutu murus. Zancen hammata kuwa yana son a bi shi a hankali. Mutane sun ɗauke shi a matsayin tabbacin cewa Sankara ya fito hannuwa a sama. Ramin shi kaɗai bai isa ya ce haka ba, don wanda harsashi ya buga yakan watsa hannu, yakan juya, yakan faɗi ta gefe ana ci gaba da harbinsa. Wanda ya shiga ta baya ma haka: ko wani ne ya tsaya a bayansa, ko jikin ne ya juya. Abin da ya ba ramin nauyi shi ne Alouna Traoré, wanda shi kaɗai ya tsira cikin waɗanda ke taro da Sankara a ranar, ya daɗe yana cewa Sankara ya fita hannuwansa a ɗage. Bakin mai rai da rigar mamaci suka zo ɗaya.

Ko inda kayan aiki suka wadata ba a tsira daga irin wannan rashin tabbas ba. An harbe Shugaba Kennedy a Dallas ranar 22 ga Nuwamba 1963, ga fim ɗin harbin, ga hotunan ƙashi. Duk da haka, likitocin da suka duba gawar da kwamitin da ya sake nazarin hotunan a 1968 sun saɓa da kusan santimita 10 kan inda harsashi ya shiga kansa. Tazarar harbin wajen mita 80 ce. A wannan nisa, kuskuren digiri ɗaya kan gusar da mai harbi kusan mita ɗaya da rabi, na digiri biyar kuwa mita bakwai. Shi ya sa masu gaskiya a wannan sana'a ba sa nuna taga ɗaya su ce daga nan ne. Yanki suke zanawa. Wanda ya nuna maka zane mai layi ɗaya tsaf, tambaye shi yadda ya san zaman mamacin a daidai wannan daƙiƙa.

Kuma babu zaren da ke kaiwa ga wanda ya ba da umarni. Hukuncin ɗaurin rai da rai da aka yanke wa Compaoré da mukarrabansa biyu, Gilbert Diendéré da Hyacinthe Kafando, ranar 6 ga Afrilu 2022 ya biyo bayan watanni ana sauraren shaidu fiye da 100. Compaoré na Abijan, a bayan idonsa aka yi shari'ar.

Iyalin Ba'are kuwa, da afuwa ta rufe musu ƙofar kotunan gida, sai suka nufi kotun CEDEAO. A watan Oktoba 2015, watan da lauyoyin Sankara ke bayyana sakamakon tono, kotun ta ce an tauye haƙƙin rayuwar marigayin da haƙƙin iyalinsa na samun shari'a, ta umarci gwamnatin Nijar ta biya su sefa miliyan 435. Wanke ya riga ya rasu tun 2004. Har yau babu wanda ya gurfana a kan kisan.